Wane jak mai tayoyi ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya saya?

Aminu: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna aiki a ƙarƙashin mota. Na ƙudura niyyar sayen jak mai tayoyi, irin na kwance mai doguwar sanda wanda ake turawa ƙarƙashin mota, amma kuɗin da na ware ba su da yawa, kuma ba na son in sayi abin da zai ci amanata bayan wata uku. Motata ƙarama ce mai ƙofa huɗu, nauyinta a takarda bai wuce kilo 1,300 ba, kuma ni nake yi mata ƙananan ayyuka da hannuna, kamar juyen baƙin mai da canza fatar birki da sauya tayoyi. Shekara biyu ke nan ina amfani da ɗan jak mai kama da almakashi wanda ya zo tare da motar, sai makon jiya na lura zaren sandarsa da ake murɗawa ya fara cinyewa, kuma yana karkata idan motar ta yi sama. Akwai kuma a-kori-kurar yayana, Toyota Hilux, wadda nakan taya shi duba ta lokaci-lokaci. Na ga ƙanana masu tan 2 da ake sayarwa cikin akwatin roba, na ga manya masu tan 3 waɗanda ba su ɗaukuwa da hannu ɗaya, na kuma ga na alminiyam masu tsada. Shin ƙaramin zai ishe ni, ko kuwa asarar kuɗi ce?

Malam Garba: Wa alaikumus salam, Aminu. Kafin in ce maka komai game da tan 2 ko tan 3, ina so ka gaya mini abin da kake tokare motar da shi bayan ka ɗaga ta, domin ban ga ka ambace shi ba, kuma shi ne abin da ya fi damuna a cikin bayaninka. Idan har kana juyen mai, to kanka da ƙirjinka suna shiga ƙarƙashin inji.

Aminu: Gaskiya, Malam, ba na tokare ta da komai. Wani lokaci nakan tura tayar da na cire ƙarƙashin motar, wani lokaci kuma nakan jera bulo biyu a gefe.

Malam Garba: To, Allah ya kiyaye gaba, amma daga yau ka daina. Na fi shekara talatin ina kanikanci, kuma abin da nake fara koya wa duk yaron da aka kawo mini shi ne cewa aikin jak ɗagawa ne, riƙewa ba aikinsa ba ce. Abin da ke tsakanin motar da ke sama da mutumin da ke kwance a ƙasanta, idan jak ne kaɗai, bai wuce ’yar robar da ke tare mai a cikin silinda ba, da ɗan ƙwallon ƙarfe da ke toshe hanyar man. Ranar da robar nan ta tsage, ko ɗan datti ya shiga ƙarƙashin ƙwallon, mota za ta sauko, kuma ba lallai ne ta yi wata ƙara da za ta gargaɗe ka ba. Wannan hukunci ya hau kan jak mai araha, ya kuma hau kan wanda ya fi kowanne tsada a duniya.

Saboda haka kuɗin da ka ware ba na jak ba ne shi kaɗai. Ka fara cire na matokaran ƙarfe guda biyu, irin masu faffaɗan gindi da ake daidaita tsayinsu, sannan abin da ya rage ka nemi jak da shi. Na fi son in ga mutum da matsakaicin jak da matokarai masu kyau a kan in gan shi da jak na ƙasaita ba tare da su ba. Bulo kuwa ka raba kanka da shi, domin an yi shi ne ya ɗauki nauyin da ya bazu a dukkan fuskarsa, kuma idan ƙarfen mota ya danna shi a wuri guda yakan rugurguje nan take. Tura tayar da ka cire dabara ce mai kyau, ka ci gaba da yi, amma a matsayin kariya ta biyu.

Nasiru: Baba Garba, ku gafarce ni in sa baki. Tun da kuɗi ne matsalar, me zai hana Yaya Aminu ya sayi jak mai kwalba, wato na tsaye? Da kuɗi kaɗan zai sami mai tan 5 ko fiye, ba shi da nauyi, ba ya cin wuri, kuma a garejin da nake koyon aiki da shi muke ɗaga manyan motoci. A ganina mai tayoyi na masu babban gareji ne.

Malam Garba: Nasiru, maganarka tana kan hanya idan Hilux ɗin ce kaɗai. Amma ka je ka durƙusa gefen ƙaramar mota ka duba tazarar da ke tsakanin ƙasa da inda ake sa jak, sannan ka ajiye jak mai kwalba kusa da wurin. Yawancinsu ko a sauke tsayinsu yana kai santimita 18 zuwa 20, kuma ƙaramar mota sau da yawa ba ta ba ka wannan sarari, balle idan taya ta sace. Ban da haka gindinsa ƙarami ne, kansa bai fi kwabo faɗi ba, don haka kaɗan mota za ta motsa ya kife.

Injiniya Bilkisu: Ina goyon bayan Malam Garba kan matokarai, kuma ina so in yi bayani kan maganar tan, domin a nan ne masu saye suka fi ruɗewa. Jak ba ya ɗaga mota gaba ɗaya. Idan an ɗaga gefe guda don cire taya, abin da ke kansa bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin motar ba, idan kuma an ɗaga gaba dukansa, a motar da injinta ke gaba kuma tayoyin gaba ke ja, wajen kashi 60 cikin ɗari ne. Ke nan gaban motar Aminu mai kilo 1,300 bai kai kilo 800 ba. Ƙa’idar da aka saba bi ita ce jak ya iya ɗaukar aƙalla kashi uku cikin huɗu na nauyin motar, don a bar rata. Bisa wannan lissafi tan 2 ya ishi ƙaramar motar har da saura, kuma ko Hilux, wadda nauyinta ke wajen kilo 2,000 idan ba kaya, ba ta fi ƙarfinsa ba a takarda.

Sai dai akwai abu biyu. Na farko, tan ba ɗaya ba ne a ko’ina. Tan da aka fi sani kilo 1,000 ne, amma na Amurka fam 2,000 ne, wato kimanin kilo 907, don haka jak ɗin da aka yi wa kasuwar Amurka aka rubuta masa tan 3, ainihin abin da yake ɗauka kimanin kilo 2,720 ne. A nemi adadin kilo a jikin takardar da ke manne da shi.

Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne tsayi. Ƙananan nan na cikin akwatin roba yawanci suna farawa daga wajen santimita 13, su tsaya a wajen 33 zuwa 35. Motar da ke da tsayi kamar Hilux, kafin kan jak ya taɓa shasinta ya riga ya cinye mafi yawan tafiyarsa, sannan idan aka fara ɗagawa sai sifirin ya miƙe tukuna kafin taya ta bar ƙasa. Sakamakon haka jak zai ƙure taya tana nan a ƙasa, kuma a nan ne mutane ke fara ɗora katako a kan jak don ƙara tsayi, abin da ke jawo haɗari. Manyan masu tan 3 sukan kai santimita 46 zuwa 50. Mutane da yawa da suka sayi tan 3 suka ji daɗinsa, a gaskiya tsayin da faɗin gindin ne suka amfane su, ba ƙarin tan ɗin ba.

Shawarata, Aminu, ka ɗauki awo ka auna abu biyu kafin ka je kasuwa: tazarar ƙasa zuwa wurin sa jak a motarka, da kuma irin wannan tazara a motar yayanka. Adadi na farko zai gaya maka iyakar kaurin jak ɗin da zai shiga, na biyu kuma, idan ka ƙara masa kamar santimita 15, zai gaya maka tsayin da kake bukata.

Alhaji Sule: Injiniya ta yi bayani mai gamsarwa, amma ni ina da ra’ayi dabam kan inda za a kai kuɗin. Da tsohuwar zuma ake magani. Jak ɗin da nake amfani da shi na hannu na saya, ya riga ya tsufa kafin ya zo hannuna, kuma yau shekara goma sha biyu yana wurina, sau ɗaya kawai na canza masa robobi. Ƙarfen gefensa ya yi kaurin da ba na gani a sababbi masu araha, tayoyinsa na zubin ƙarfe ne, kuma an yi shi ne yadda za a kwance shi a gyara. Sababbin nan ƙanana, wasu an like silindarsu ta yadda ba ta kwancuwa, idan suka fara yoyo sai dai a jefar. Mai ƙaramin ƙarfi shi ne bai kamata ya sayi abu sau biyu ba. Ni da za a bi tawa, Aminu ya nemi tsohon jak na gareji mai nauyi, ya gyara shi.

Injiniya Bilkisu: Alhaji, ban musa ingancin tsofaffin ba, amma ku kun san abin da za ku duba, Aminu kuwa wannan ne sayensa na farko. Tsohon jak yana iya zuwa da ciwon da ido ba ya gani. Akwai bawul a cikinsa wanda aikinsa shi ne ya saki mai idan nauyi ya wuce ƙima, don kada ƙarfe ya karye, kuma wasu sukan ɗaure wannan bawul don jak ya ɗaga abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda aka yi wa haka zai yi aiki lafiya a gaban mai saye, alhali an cire masa kariyarsa. Sannan samun robobin da suka dace da tsohon samfuri ba kullum yake da sauƙi ba.

Alhaji Sule: Wannan gaskiya ne, kuma ban ce ya saya ido rufe ba. Sai dai sabon ma ai ba a san cikinsa ba. Takardar da aka manna aka rubuta tan 3 kowa yana iya buga ta.

Malam Garba: Ku duka biyun kuna da hujja, kuma gani ya kori ji, don haka bari in faɗi yadda nake gwada jak, sabo ne ko tsoho, domin gwajin ɗaya ne. Ba na sayen jak a cikin kwali. Sai an fito da shi an ajiye a daɓen siminti, na tura shi na ga tayoyin huɗu duka suna taɓa ƙasa suna juyawa, domin wanda ƙafarsa ɗaya ke lilo ya riga ya murɗe. Daga nan in kama kan da ke taɓa mota in girgiza shi hagu da dama, sauke da kuma a sama. Ɗan motsi kaɗan ba laifi, amma idan hannun ƙarfen da ke ɗauke da kan yana kaɗawa kamar haƙorin da ya kusa fita, ramukan fil ɗinsa sun buɗe. In duba walda, musamman inda hannun ya haɗu da jiki da kuma wajen tayoyin baya. Walda mai kyau tana tafiya sumul a jere, marar kyau kuwa tana da ramuka da dunƙule-dunƙule, kuma fenti mai kauri a wuri guda yakan zama an rufe tsaga ne. A tsoho, in ɗaga shi har ƙarshe in leƙa sandar silinda. Idan ta yi tsatsa ko ta karce, ko an sa sababbin robobi za ta cinye su.

Babban gwaji shi ne da mota. A ɗaga gefe guda, a auna tsayin da awo ko a yi alama, a bar shi minti goma ba kowa a ƙasa, a dawo a sake aunawa. Lafiyayyen jak ba ya sauka ko kaɗan da ido zai gani. Sannan a sauke, kuma ni a wurina nan ne ake gane jak na kirki. Ka murɗa sandar a hankali ka ga ko motar za ta bi hannunka ta sauko sannu-sannu, ka iya tsayar da ita a tsakiya. Akwai waɗanda ba su san tsakiya ba, ko a ƙulle ko su saki motar gaba ɗaya ta faɗo, kuma irin wannan shi ne ke sa mota ta daki matokari da ƙarfi ta zame. Duk arahar irin wannan jak, ba na karɓarsa.

A nan ma ƙananan suna da wani aibi. A babban jak, sandar da kake bugawa da ita ita ce kake murɗawa ka sauke, kana tsaye nesa da mota. A ƙaramin kuwa sai ka zare ’yar gajeriyar sandar ka sa bakinta a kan bawul ɗin da ke gindi, ka murɗa kana durƙushe dab da motar, kuma da wuya hannu ya daidaita saukar.

Nasiru: Baba, ina da tambaya kan abin da Injiniya ta ce. Me ya sa jak mai kwalba ɗan ƙarami yake ɗaukar tan 5, amma mai tayoyi da ya ninka shi girma sau da yawa yake tsayawa a tan 2 ko 3? Na daɗe ina mamakin wannan.

Injiniya Bilkisu: Tambaya ce mai kyau, Nasiru, kuma amsarta tana taimaka wa mai saye. Dukansu biyu suna aiki ne da ƙa’idar da masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17, cewa idan aka matsa ruwa ko mai da ke rufe a cikin mazubi, matsin yana isa ko’ina daidai. Idan ka tura mai da ƙaramin fistin zuwa ƙarƙashin babba, ƙarfin yana ninkuwa gwargwadon yadda fuskar babban ta fi ta ƙaramin. A misali, idan faɗin babban ya ninka na ƙaramin sau biyu, fuskarsa ta ninka sau huɗu, ƙarfin ma haka, sannan doguwar sandar da ke hannunka ta sake ninka shi. Da wannan ƙa’ida Joseph Bramah ya ƙera matsar mai a Ingila a 1795, kuma a 1851 Richard Dudgeon ya yi rajistar jak mai aiki da mai wanda ake iya ɗauka a Amurka.

Bambancin shi ne, a mai kwalba fistin yana tsaye kai tsaye a ƙarƙashin nauyi, don haka abin da mota ta danna shi ne abin da silinda ke ji. A mai tayoyi kuwa silindar tana kwance, tana tura gindin wani dogon hannu daga kusa da inda yake juyawa, motar kuma tana can ƙarshen hannun. Wannan tsari ne ke ba shi damar shiga ƙarƙashin gajeriyar mota ya kuma tashi sama sosai, amma illarsa ita ce silindar tana ɗaukar ninkin nauyin da ke kan jak sau da yawa, musamman lokacin da hannun yake ƙasa-ƙasa. Shi ya sa ingancin robobi da kaurin ƙarfen gefe suka fi muhimmanci a mai tayoyi, kuma shi ya sa araha ta fi cutarwa a cikinsa fiye da a mai kwalba.

Wani abin da ke biyo bayan wannan tsari shi ne hannun ba ya tashi a miƙe, yana zana baka ne. Dole jikin jak ya gangara ya shige ƙarƙashin motar yayin da take tashi. Idan tayoyinsa suka kafe a yashi ko tsakuwa, to motar ce za a jawo, ko kan jak ya zame daga inda aka sa shi.

Aminu: Wannan bayani na ƙarshe ya taɓa ni, Injiniya, domin inda nake aiki ba siminti ba ne, ƙasa ce mai tauri da aka daddaɓe. Ke nan mai tayoyi ba zai yi mini ba?

Malam Garba: Zai yi, amma sai ka shimfiɗa masa abin da zai gangara a kai. Faffaɗan farantin ƙarfe ya fi, idan babu kuma katako mai kauri na falle-falle, wanda bai gaza santimita 2 ba, kuma ya fi jak ɗin tsawo da faɗi sosai. Matokaran ma kowanne a sa masa nasa a ƙasa, domin ƙafafunsu suna nutsewa, musamman bayan ruwan sama, kuma ba daidai suke nutsewa ba. Wurin ya zama shimfiɗaɗɗe ba gangare ba, ka ja birkin hannu, ka sa giya, ka sa waji, wato abin tokare taya don kada ta gangara, gaba da bayan tayar da ta rage a ƙasa. Ka tuna birkin hannu tayoyin baya yake riƙewa a yawancin motoci, don haka idan bayan motar ka ɗaga, waji a tayoyin gaba ne babban abin da ke hana ta tafiya.

Malam Yakubu: Ina so in ƙara wani abu daga abin da ya same ni, domin yana iya sa mutum ya zargi jak alhali laifinsa ne. Na taɓa sayen sabo, da na kai gida na buga sai ya tashi rabi ya tsaya, sandar kuma tana laushi kamar ana danna soso. Na ɗauka mai ne ya yi ƙasa, sai na ƙara masa man birki saboda shi ne a kusa. Cikin ’yan makonni ya fara zubar da mai ta ko’ina, da aka kwance sai aka ga robobin sun kumbura sun yi laushi. Ashe man birki na yau da kullum ba ya jituwa da irin robar da ake sa wa jak, wadda aka yi ta don man da aka tace daga fetur. Kuma ashe tun farko iska ce ta shiga cikin man lokacin da ake jigilarsa, abin da ake gyarawa cikin minti biyu: a buɗe bawul ɗin saukewa, a buga sandar sau goma zuwa goma sha biyar ba tare da nauyi ba, a ɗan buɗe murfin zuba mai iska ta fita, a rufe. Duk wanda ya sayi sabo ya fara yin wannan. Idan za a ƙara mai, a nemi man jak na ainihi, wanda yawanci ake rubuta wa ISO 32 ko 22, a zuba jak yana sauke a shimfiɗaɗɗen wuri, har ya kusa bakin ramin. Baƙin man inji ma bai dace ba, ya yi kauri.

Alhaji Sule: Malam Yakubu ya tuna mini. A riƙa ajiye shi a sauke, domin sandar silinda ta kasance cikin mai ba a waje tana shan raɓa ba, kuma a ɗiga wa fil-fil da tayoyi mai lokaci-lokaci. Nawa da wannan ya kai shekarun da ya kai.

Injiniya Bilkisu: Bari in koma kan maganar Alhaji cewa kowa yana iya buga takarda, domin gaskiya ce amma ba ta nufin a yi watsi da takardar. Akwai ƙa’idojin da ake gwada jak da su: a Turai EN 1494, a Amurka ASME PASE, a Ostireliya kuma AS 2615, wadda ta shafi mai tayoyi kai tsaye. Alamar CE ta Turai yawanci mai ƙerawa ne da kansa yake shaida cewa ya cika sharuɗɗa, ita kuwa alamar GS ta Jamus sai wata cibiyar gwaji mai zaman kanta ta duba kayan. Ana iya yin jabun kowacce. Amma jak ɗin da ya zo da sunan kamfani da adireshinsa, da lambar samfuri, da adadin kilo, da mafi ƙanƙanta da mafi girman tsayi, da littafi mai zanen sassan ciki, ya nuna akwai wanda ya yarda a neme shi idan abu ya lalace. Wanda ba shi da komai sai babban rubutun tan a gefe, ni ba na kusantarsa. Ka kuma tambayi mai sayarwa ko ana samun robobinsa. Amsar da zai ba ka za ta gaya maka abubuwa da yawa.

Matokarai ma a duba su da irin wannan ido. A 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye matokarai kimanin miliyan 1.7 daga hannun jama’a, saboda harshen da ke kama haƙoran sandar yana iya suɓucewa a ƙarƙashin nauyi. Tun daga lokacin na fi natsuwa da masu fil na ƙarfe da ke ratsa sandar, ko masu haƙora da aka ƙara musu fil na biyu. Kuma a lura, adadin tan da ake rubutawa a kansu sau da yawa na guda biyun ne a haɗe, ba na kowane ɗaya ba.

Nasiru: To na alminiyam fa, tun da Yaya Aminu ya ambace shi?

Malam Garba: Sauƙin ɗauka kake saye da ƙarin kuɗin, ba ƙarfi ba. Babban na ƙarfe yakan kai kilo 30 zuwa 40, na alminiyam ya fi shi sauƙi sosai, kuma yana da amfani ga mai yawo da shi daga wuri zuwa wuri. Wanda zai ajiye a gida ya riƙa turawa a kan tayoyinsa ba ya bukatarsa. Haka ma masu famfo biyu da ke tashi da bugu kaɗan, daɗin aiki ne ga mai ɗaga mota ashirin a rana.

Aminu: Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Na fita na auna kamar yadda Injiniya ta ce. A motata, daga ƙasa zuwa wurin da littafin motar ya nuna a sa jak santimita 15 ne, a ta yayana kuwa daga ƙasa zuwa shasi ya kai 31. Idan na fahimci lissafin, ƙaramin na akwatin roba zai shiga tawa amma ba zai yi komai a tasa ba. Matsalar ita ce idan na cire kuɗin matokarai, abin da ya rage ba zai kai na babban ba sai na ƙara wata biyu ina tarawa.

Alhaji Sule: Ka tara. Ko kuma ka yi wa yayanka magana ku haɗa, tun da motarsa ce ta sa ake bukatar babban.

Malam Yakubu: Ni ina ganin ya sayi ƙaramin da matokarai yanzu, tun da motarsa ce yake taɓawa kullum, ita kuwa Hilux ai tana da nata jak ɗin da ta zo da shi. Wata biyu yana aiki da wanda zarensa ya cinye ya fi haɗari.

Malam Garba: A nan na fi karkata ga Alhaji, amma da gyara ɗaya da ta ɗauko damuwar Malam Yakubu. Ka sayi matokarai da waji yanzu, cikin makon nan, masu tan 3 domin su yi wa motocin biyu, kuma ka duba cewa tsayinsu na ƙarshe ya wuce santimita 40. Jak mai almakashin nan da zarensa ya cinye ka fitar da shi daga aiki. Idan juye ya kama kafin kuɗin su cika, ka ari jak ko ka kai gareji sau ɗaya. Bayan wata biyun ka nemi na ƙarfe mai tan 3 wanda a sauke bai wuce santimita 13 ba, a sama kuma ya kai 46 ko fiye, ka je da motarka a gwada shi a gabanka yadda na faɗa. Santimita 15 ɗin nan da ka auna taya tana da iska ne, don haka idan ka sami mai ƙaramin baki, irin da ke farawa daga santimita 8 ko 9, kuma bambancin kuɗin ba yawa, shi ya fi, domin zai shiga ko taya ta sace.

Aminu: Haka zan yi, in Allah ya yarda. Saura tambaya ɗaya, Malam. Wurin sa jak a motata wani siririn ƙarfe ne da ya fito kamar leɓe a ƙarƙashin ƙofa, kuma jak ɗin da ya zo da motar yana da tsaga da ke kama shi. Kan mai tayoyi kuwa faffaɗa ne kamar faranti. Ba zai lanƙwasa leɓen ba?

Malam Garba: Zai lanƙwasa shi idan ka ɗora ƙarfe a kan ƙarfe, kuma inda ya lanƙwashe fenti yana fashewa tsatsa ta shiga. Ana sayar da wata roba mai tauri, zagayayya, mai tsaga a tsakiya, wadda ake ɗorawa a kan farantin, leɓen ya shige cikin tsagar. Idan ba ka samu ba, ka yanka guntun katako mai tauri ka yi masa tsaga da zarto, amma tsagar ta ratsa jijiyar katakon a gicciye, domin idan ta bi tsawon jijiyar nauyin mota zai tsaga shi biyu. Idan kuma gaba dukansa kake son ɗagawa, ka duba littafin motar ya nuna maka ƙarfen tsakiya da aka yarda a sa jak, kada ka kuskura ka sa shi a kwanon baƙin mai da ke ƙasan inji, domin a ido yana kama da wuri mai ƙarfi alhali ɓawo ne kawai. Bayan ka sauke motar a kan matokarai, ka kama ta ka girgiza da ƙarfi kafin ka shiga, kuma ka bar kan jak ɗin yana ɗan taɓa ta.